Ranar da Bakano Ya Hau Motar da Ba Ta Ɗaukar Lodi

Zuwa ga bawana na Kantin Kwari, Alhaji mai tumbin giwa, bayan gaisuwa irin ta ubangida da baransa.

Labari ya iso mini har Tudun Wadan Zariya cewa tun da muka dawo daga Sikotilan ka hana 'yan layinku sakat da hoton nan. Duk wanda ya shigo sayen shadda sai ka zaro waya ka nuna masa kanka a cikin 'yar koriyar mota, ka ce wai ka yi tsere da Turawa ka ba su kashi. Har an ce mini yaron shagonka ya haddace labarin, idan ka tafi salla shi yake ɗorawa daga inda ka tsaya. To, tunda ni ne na zauna a ɗaya kujerar, kuma kujerun biyu ne tak, babu shaida na uku da za ka saya, bari in faɗa wa jama'a yadda aka yi.

Da farko dai ba kai ka nemi motar ba. Ɗanka ne, wanda muka je bikin kammala karatunsa a Abadin, yaro mai hankali da ya biyo dangin uwarsa, ya ce zai yi maka kyautar da ba za ka iya sayarwa ba. Ya san halinka: agogon da ya kawo maka bara bai kwana uku a hannunka ba ya koma kasuwa. Sai ya kama maka hayar mota ta yini guda a kusa da garin Inbanes, ya roƙe ni in raka ka don kada ka yi cinikinta a hanya. Kai kuwa da ka ji an ce motar manya ce, sai ka caɓa ado, shadda 'yar ciki da babbar riga, ga turare kamar za ka ɗaurin aure. Ka riƙo kular abincin da Hajiya ta haɗa, da buta, da darduma, da wata jaka da har yau ban san abin da ke cikinta ba, amma ina zargin samfurin atamfa ne, ko Allah zai haɗa ka da mai saye a kan dutse.

Mai motar, wani dattijon Bature mai jan kunci, ya buɗe gareji ya turo ta waje da hannu ɗaya, kamar mai tura baro. Ka zagaya ta sau biyu, ka duƙa ka leƙa ƙarƙashinta, sannan ka juyo ka ce da ni, "Malam, ina ragowarta?" Ban ga laifinka ba. Ba ƙofa, ba rufi, da ƙyar tsayinta ya kai ƙugunka. Tayoyin gaba a waje suke, kowace da 'yar hularta irin ta keke, fitilu biyu zuru-zuru kamar idon kwaɗo, dogon hanci, sai salansa da ta biyo gefen direba tsirara. Ba rediyo, ba na'urar sanyi, ba inda za ka aje ko goro. Da ka tambayi but, ya nuna maka wani ɗan lungu bayan kujeru. Kula da buta suka cika shi, darduma muka zauna a kai, jaka kuwa a gareji ta wuni. Da Turancinka na Dubai ka tambaye shi mutum nawa take ɗauka, ya ce biyu. Ka ce in an matsa fa? Ya ce biyu. Na ga fuskarka ta canza, kamar ta ɗan kamasho da aka ce yau ba lodi.

Sunanta Caterham Seven, kuma tarihinta zai yi maka daɗi, don akwai warin Kano a cikinsa. Wani injiniya ɗan Ingila, Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, shi ya fito da ita a 1957. A lokacin gwamnatinsu tana karɓar haraji mai nauyi a kan sabuwar mota, amma ba ta karɓa a kan tarkacen da mutum zai haɗa da kansa. Sai ya riƙa sayar da ita a warwatse cikin akwatuna, ka kai gida ka haɗa abinka. Labarin da masu motar suke bayarwa har yau shi ne, da doka ta hana a ba mai saye takardar yadda ake haɗawa, sai aka riƙa ba shi takardar yadda ake kwancewa, ya karanta daga ƙasa zuwa sama. Rantse mini da Allah kakan mutumin nan ba daga Fagge ya tashi ba! A 1973 aka sauya tsarin harajin, ƙofar ta rufe, Lotus ta sayar da haƙƙin ƙera motar ga dillalinta Caterham, kuma har gobe in kana so za su aiko maka da ita a akwati ka haɗa a garejinka.

Aƙidar Chapman ɗaya ce: a rage nauyi. Yana ganin ƙarin ƙarfin inji a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai yake amfani, amma rage nauyi yana amfani a ko'ina, a kwana, a birki, a hawa, a gangara. Wato mutumin ya ƙare rayuwarsa yana sauke kaya daga mota, kai kuma ka ƙare taka kana ɗorawa. Ni na taɓa ganin ka cika motar gidanka da dilar atamfa har Hajiya ta rasa wurin zama ta bi Adaidaita Sahu. Ranar nan a gareji malamai biyu ne suka haɗu, kowa da mazhabarsa.

Kafin a ba mu makulli sai da aka yi zaman takarda. Ya duba lasisinka na gida, wanda baƙo yake iya tuƙi da shi a can har wata 12, ya duba fasfo, ya riƙe kuɗin jingina daga katin ɗanka, ya faɗi iyakar mil ɗin da za mu yi, ya ce duk mil ɗin da ya ƙaru akwai kuɗinsa. Nan ka gyara tsayuwa, ka ce masa "albarka". An riga an biya, Alhaji! Kuɗin ma ba naka ba ne! Amma jini ba ya ƙarya, sai da ka nemi ragi, ka nemi gyara, ka tambaya ko in mun dawo da wuri zai maido canji. Ni ne tafinta, kuma don in rufa wa Arewa asiri na ce masa kana yaba launin motar ne.

Sai shiga. Wannan ba ya cikin hotonka. Motar ba a shiga cikinta, sa ta ake yi kamar wando. Ka taka kujera da ƙafa, ka dafa ƙarfen baya, ka zura ƙafafu cikin wani dogon rami, sannan ka sulale. Bature ya dube ka sama da ƙasa ya ce an yi sa'a wannan mai faɗin jiki ce, don kamfanin yana ƙera wata da aka ƙara wa faɗi saboda masu irin arzikinka. Duk da haka sai da ya cire sitiyari gaba ɗaya ya riƙe a hannu, ka sulala, ka tsaya a rabi, tumbi ya ce shi fa nan ya iso. Muka tattara babbar riga muka cusa ta gefe da gefe kamar masu cika matashin kai. Aka ɗaure ka da bel mai hannu huɗu. Takalmanka masu faɗi suna taka birki da totur lokaci guda, dole ka tuɓe su ka yi tuƙi da safa. Da ka sauke hannunka na dama, tafinka ya taɓa kwalta kana zaune. Ka dube ni ka ce, "Wannan ai makara ce mai inji."

Ka cika baki cewa tuƙin hannun hagu ba baƙonka ba ne, ai haka ake yi a Nijeriya kafin a sauya a 1972. Gaskiya ne an sauya a shekarar, amma kai a lokacin garen kwano kake turawa a lungun Yakasai. Sitiyari a dama, giya a hannun hagu, kuloci mai tauri, ga shataletale da ake zagayawa ta inda ba ka saba ba. Sau uku motar tana mutuwa kafin mu bar unguwar. A shataletale na farko na yi kalmar shahada, a na biyu na yafe wa duk wanda nake bi bashi, ban da kai.

Amma da muka bar gari muka miƙi hanyar yamma, kwalta ta buɗe tsakanin tsaunuka da tafkuna, sai na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Ka saka giya ta biyu, ka taka totur don ka wuce wata motar ɗaukar itace, motar ta zabura kamar an tsikari ɗan maraƙi. Kanmu ya koma baya, hularka ta tashi sama, kuma ina jin har yanzu tana can wani rago yana kiwo kusa da ita. Ka daka salati, ka saki totur, ka yi shiru. Can sai na ji ka ce a hankali, "Bari in ƙara."

Bari in yi maka lissafin, tunda lissafi kaɗai kake girmamawa. Injin da ke cikinta na Ford ne mai lita 1.6, irin wanda ake sa wa ƙananan motocin kai yara makaranta, ƙarfin doki 135. Jif ɗinka da kake taƙama da ita ta ninka wannan ƙarfi har da ɗori. Sai dai jif ɗin ta haura tan biyu da rabi, ita kuwa wannan kilo 540 ce, wato buhun shinkafa 11 bai cika ba. Raba ka gani: kowane doki a cikinta kilo 4 yake ja, naka kuwa kowanne yana fama da fiye da 8. Shi ya sa daga tsaye take kai mil 60 a awa, kusan kilomita 100, cikin sakan 5. Lambar da ke jikinta ma, 270, ba ado ba ce, kimanin ƙarfin dokin da ke kan kowane tan ne. Akwai ƙanwarta mai lamba 170, da ɗan injin Suzuki mai silinda uku da bai kai lita ɗaya ba, nauyinta kilo 440, kaɗan ta ɗara Adaidaita Sahu. Akwai kuma yayarsu mai doki 310 da take kai wancan gudun cikin ƙasa da sakan 3, ita ko a mafarki ban yarda ka hau ba.

Sai dai lissafin kamfani babu Bakano a ciki. Kai kilo 110 ne, ni 70, mu biyu mun kai sulusin motar. A jif ɗinka ko mutum biyar suka shiga ba ta sani ba, wannan kuwa tana jin kowace lomar gurasa da ka ci tun azumin bara. Duk kwanar da muka sha ta hagu sai na ji ta ɗan yi nishi ta ɓangarenka. Da ni kaɗai ne a ciki, da tuni na ga Amurka.

Abin da ya ba ni mamaki, kai ma ya ba ka, shi ne ba gudu ne daɗinta ba. Iyakarta wajen mil 120 ne, motocin gida da yawa sun fi ta, don iska tana dukan ta kamar an ɗaga faifai. Doka ma a irin waɗannan hanyoyi mil 60 ta yarda. Amma idan gindinka yana taki ɗaya daga kwalta, iska tana marin kunnenka, salansa tana ruri kusa da gwiwar hannunka, mil 50 sai ka rantse tashi za ka yi. A jif sai ka yi gudun ganganci kafin ka ji wani abu a jikinka, nan kuwa kana cikin doka kana jin komai. Sitiyarin ɗan ƙarami ne kamar murfin tukunya, ba na'urar da ke sauƙaƙa shi, kowace tsakuwa da taya ta taka sai ta gaya wa tafin hannunka. Ba ka murza shi, nufi kawai kake yi ta juya. Birki kuwa, da yake ba wani kaya yake tsayarwa ba, kana taɓawa ta tsaya cak. A wajen ƙauyen Lokkaron ka gwada, kular Hajiya ta buɗe a baya, miyar taushe ta yi hanyarta.

Daga nan muka kama hanyar da aka zo dominta. Da yaren mutanen tsaunin ana kiranta Bealach na Bà, ma'ana mashigin shanu. Burtali ke nan, Alhaji. Ka bar Kano, ka hau jirgi, ka keta teku, ka zo ka hau burtali, ka biya kuɗi a kai. Hanya ce mai faɗin mota ɗaya, tana tashi daga bakin teku zuwa tsayin mita 626 cikin ƙasa da kilomita 10, a ƙasanta akwai allo da ke gargaɗin 'yan koyo da masu manyan motoci su nemi wata hanya. Na karanta maka allon, ka ce ba da kai ake ba. Tana cikin zagayen nan na mil 516 da aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 2015, mai farawa ya ƙare a Inbanes, shi ya sa masu ba da hayar irin waɗannan motoci suke samun ciniki a yankin. Can sama kwanoni suke a naɗe kamar rawanin dogari, hagu dutse, dama rami. An yi 'yan wurare a gefe inda mai zuwa yake raɓewa ya ba mai tafiya hanya, kuma kowa in an ba shi sai ya ɗaga hannu ya gode. Kai da ka saba da goslon Kurna, inda ba da hanya abin kunya ne, ka ɗauka tsoronka suke ji. Waɗannan su ne Turawan da ka ce ka ba kashi. Guda daga cikinsu tsohuwa ce da karenta.

Amma zan ba ka haƙƙinka, ko da yake ba na son yi. A kwanoni ukun ƙarshe ka daina kokawa da motar. Ka rage giya kafin kwana, ka bar hancinta ya shiga, ka taka a hankali tana fita, ta bi layin kamar zare a allura. Na ji kana dariya, ba dariyar ciniki ba, wata irin da rabona da jin ta a bakinka tun muna samari. Da muka tsaya a ƙololuwa, ga tsibirin Sikai can cikin hazo, waya ba sabis, ka zauna shiru cikin bel ɗinka. Na san abin da ya faru. Shekara talatin kana ɗauke da nauyi: na gida biyu, na yaran shago, na dangin ƙauye, na masu jin nauyinka da waɗanda kake jin nauyinsu. Duk motar da ka taɓa saya don mutane ka saya, a ga girmanta, a cika ta. Yau ga wadda ba ta da wurin kowa, ba mai cewa a rage masa hanya, ba mai leƙo taga ya ce yaro ba lafiya, don tagar ma babu. Ka ce da ni, "Malam, ashe haka marasa kuɗi kuke ji?" Na bar ka da wannan, don a kan dutse muke kuma kai ke da makulli.

Sai ruwa ya sauko, a watan Yuli, ba hadari ba sallama, yadda ya saba a ƙasar. Akwai rufin tamfol a naɗe da ake ɗaurawa da maɓallai, Bature ya nuna mana da safe, lokacin kana lissafin nawa za ta yi in an sauke ta a Kwatano. Ka yunƙura ka fito da gaggawa, ka manta gargaɗin da aka yi maka sau biyu, babbar riga ta sauka a kan salansa mai zafi. Ƙauri ya tashi. Shaddar da ka ce mini yadi ɗaya ya fi albashina ta samu taga mai faɗin tafin hannu. Muka yi minti ashirin muna jan tamfol, muka gama daidai lokacin da ruwan ya ɗauke. Da rufin a sama kuma shiga ta zama ta rarrafe.

Yanzu an ce mini kana neman wanda zai shigo maka da irinta. Har ka sa ɗanka ya turo maka hotunan 'yan uwanta. Na ji ka ƙyalla ido a kan Lotus Elise, wadda ta fito a 1996 da kilo 725, ƙashin jikinta na alminiyam da aka liƙa da gam maimakon walda, aka raɗa mata sunan jikar shugaban kamfanin na lokacin. An daina ƙera ta a 2021, sai gwanjo, kuma na san in ka ji an ce da gam aka haɗa ta za ka ce a rage kuɗi. Mai hankalin cikinsu ita ce Mazda MX-5 ta Hiroshima, da aka fara nunawa a Shikago a 1989. Tana da ƙofa, tana da rufin da ake ja da hannu ɗaya, nauyinta wajen tan guda, kuma a 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya, babu motar wasa mai kujera biyu da aka saya kamarta. Masu ƙera ta suna da kalmar da suke aiki da ita, wadda ke nufin doki da mahayi su zama jiki ɗaya. Wannan kam Bakano zai gane, ko ba komai kuna ganin hawan Daushe.

To ka tsaya a kan dokin. Saurayin da zai yi hawan angwanci a garinku ba ya sayen doki, haya yake yi. Ya hau da yamma, a yi masa kiɗa, ya yi sukuwa, a ɗauki hoto, da magariba ya maida wa mai shi, shi ya san dawa da harawa da kanwa. Wancan dattijon mai jan kunci shi ke biyan inshora, shi ke neman bakanike, shi ke rufe ta a gareji duk tsawon hunturu, kai ka sha romon yini ɗaya ka kama gabanka. An ce kayan aro ba ya rufe katara, to wannan ko taka ce ba za ta rufe ba, mun gwada.

Ka kawo ta Kano ka bi da ita ina? Ramin farko a hanyar Dawanau zai haɗiye ta har fitilu. Tudun rage gudu na farko za ta hau ta zauna a kai kamar kaza kan ƙwai. Direban tirela ba zai san kana ƙasa ba, 'yan Adaidaita za su riƙa leƙo ka daga sama suna tambaya ko ta yara ce. A watan Afrilu, ba rufi, rana za ta gasa ka kamar tsire, da hunturu ƙura ta maida kai Bature. Sannan babbar magana: kujera ɗaya ce a gefenka, gidanka kuwa biyu. Uwargida za ka fara ɗauka ko amarya? Rabon kwana ka iya, rabon kujera fa? Ni dai kada a kira ni sulhu.

Kafin in manta, fam 45 na man da muka sha ni na biya, don ka ce walat ɗinka yana cikin jakar da aka bari a gareji. Kuma ka sani ni ma na ɗauki hoto. Naka yana nuna ka a zaune kana murmushi. Nawa na lokacin da muka dawo ne, Bature riƙe da sitiyari, ni riƙe da ƙafarka ɗaya, kai kana fitowa da baya ta ƙarƙashin tamfol, safa a jiƙe, taga a riga, miyar taushe a gwiwa. Ina jiran kuɗina da gurasa bandashe ta kirki a motar Zariya ta ranar Juma'a. In Asabar ta yi ban ga saƙo ba, yaron shagonka na da lambata, kuma ya riga ya tambaya.

Naka, ubangidanka na Zazzau.